Wayar Gita Mai Kauri

Litinin, 4 ga Oktoba, 1993

Yau a wurin gwaji Yaya Gwadabe ya tsayar da waƙa a tsakiya, ya juyo ya ce gitata ta yi sama, wai ni nake sa shi shaƙewa. A gaban Sabi'u mai ganga, a gaban masu leƙe ta taga. Tun da na fara riƙe wa Yaya bes, gitar nan mai kaurin murya, saitin nan ne, ban taɓa canja shi ba. Muryarsa ce ta sauka tun ciwon maƙogwaron da ya yi da damina. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Ɗan wan babana ne, shi ya fara ɗora min yatsu a kan waya, don haka na haɗiye. Na koma shagona na gyaran rediyo, saura kaɗan in ƙona rediyon mutane da ƙarfen dalma.

Laraba, 6 ga Oktoba

Ya ce a sauke duk waƙoƙin ƙasa. Shi nasa faɗa ne kawai. Kiɗanmu gaba ɗaya a kan babbar waya yake zaune, ita nake bugawa ba tare da na danna ba, ita ce gindin. In an sauka, gindin ya wuce inda gitar take iya kaiwa. Na gwada kamo shi can sama a waya ta biyu, ya fito siriri kamar ana buga gwangwani. Sai na sassauta kunnuwan da ke ɗaure wayar. Wayar ta koma igiyar shanya, tana marin ƙarafan wuyan gitar, fat fat. Sabi'u ya yi dariya har ya yar da makaɗi.

Ga bikin Rogo ƙarshen wata, na ɗan wani dillalin shanu. Da wannan za mu je?

Asabar, 9 ga Oktoba

Ban je gwaji ba. Su nemi wanda gitarsa ba ta yi sama ba.

Talata, 12 ga Oktoba

Ashe sun nema. Sabi'u ya biyo ta shago ya ce Yaya ya kira Lukumanu, wanda ya dawo daga Kano da fiyano. Wai akwai maɓalli ɗaya, in ya danna sai kiɗan duka ya sauka, har muryar bes tana ciki. Na ce to Allah ya ba da sa'a. Sabi'u ya ce, "Muntaka, ba daɗi fa. Kamar sauro a cikin tulu."

Maɓalli. Ni da yatsuna suka yi kanta a kan wayar nan, a musanya ni da maɓalli. Wallahi ba don Yaya zan nemo dabarar ba, don kada a ce abin ya gagare ni ne.

Alhamis, 14 ga Oktoba

Na rufe shago na tafi Kano da gitar a cikin buhu. Sabon Gari. Mai shagon kayan kiɗa ya taɓa wayar sau ɗaya ya ce siririya ba ta zama a ƙasa, sai mai kauri, wadda ko an sauke ta tana nan a ɗaure. Ba ya sayar da guda. Ya ba ni wayoyin gita mai waya biyar, ya ce in ɗauki huɗu masu kaurin, in ajiye ƙaramar. Babbar cikinsu ta kusa kai wayar burkin babur. Ya ce sai na faɗaɗa ramukan ɗan ƙashin nan da wayoyi ke hawa a ƙarshen wuya, kuma in na faɗaɗa, sirara ba za su ƙara zama daidai ba.

A mota na riƙa zagin Yaya a raina tun daga Kabuga har gida Ƙaraye.

Lahadi, 17 ga Oktoba

Na sa magagari na ci ƙashin. Kowace gogawa sai na ji kamar haƙorina nake ci. Gitar da nake gogewa da hular kaina.

Na ɗaura su, na sauke duka huɗun, kowace da tazarar da ta saba da 'yar'uwarta, don kada yatsuna su ɓace hanya. Babbar ta zauna daram. Da na buga, sukurorin da ke kan teburi suka yi tafiya. Lasifika kuma ta fara gurnani, takardarta ta tsage ta gefe. Na liƙe da gam da ƙyallen atamfa. Yatsana na tsakiya ya yi bororo.

Laraba, 20 ga Oktoba

Barira matar Yaya ta zo da rediyo wai a duba mata. Lafiyarsa ƙalau, batir ne aka juya. Ta tsaya tana gyara mayafi, sannan ta ce likita a Kano ya hana Yaya waƙa, ya ce in ya ci gaba da tilasta muryar tana iya tafiya gaba ɗaya. Da safe sai ya sha zuma da citta kafin ya iya amsa gaisuwa. Ta ce, "Kunya yake ji, Muntaka. Ba ya son ku ji tausayinsa. Don Allah kada ka ce na faɗa maka."

To ni ina ruwana? Kunya ce ta sa ya ɗora min laifi a gaban jama'a? Da ya ja ni gefe ya ce ƙanina ga halin da nake ciki, da me zai rage masa? Yanzu ta bar ni da magana a ciki, ba halin in yi faɗan da na shirya. Wannan ya fi ba ni haushi.

Asabar, 23 ga Oktoba

Na je gwaji ba wanda ya kira ni. Na jona gitar da lasifika, na buga. Lukumanu ya ɗaga hannu daga fiyanonsa ya zuba min ido. Yaya ya shiga waƙa ya kai ƙarshe bai yi tari ba. Bai kalle ni ba.

Lahadi, 31 ga Oktoba

An yi bikin Rogo jiya bayan la'asar. Har daga Zoza da Beli aka zo. Sabuwar muryar Yaya ta kwanta a kan babbar wayar kamar dama tare aka yi su. Wani dattijo ya matso kusa da lasifika ya dafa ƙirjinsa, ya ce a nan yake jin kiɗan. Sau biyu na ji muryar za ta karye, na ƙara nauyin hannu na rufe wurin har ya ja numfashi. Ban san ko ya lura ba.

Muna loda kaya ya ce min, "Ka gani, da tun farko ka gyara." Sabi'u ne ya riƙe min hannu.

Juma'a, 5 ga Nuwamba

Bayan masallaci Lukumanu ya same ni. Zai koma Kano, wasu masu kiɗa a Fagge suna neman mai bes, ya ce ya yi musu maganata. Suna wasa kusan kullum, kayansu sababbi. Sai dai su saitin sama suke bi, irin wanda na saba. Na ce masa ai na riga na ci ƙashin, siraran waya ba za su zauna ba. Ya ce kash, ya tafi.

Ƙashi dai ga shi nan jibge a mahauta. In na so, wuni ɗaya ya ishe ni in sassaƙa wani. Lukumanu bai sani ba.

Har yanzu ina jin haushin Yaya, kuma sai na faɗa masa wata rana. Gobe akwai gwaji. Akwai waƙa ɗaya da nake jin har yanzu tana ja masa wuya, zan ɗan ƙara sauke ta kafin ya iso.