Allon da Ban Karanta Ba

Locquirec, ranar Litinin

Yaya Lantana,

Ki yi haƙuri da damun ki da zan yi, na san kina fama da ƙafarki ga hidimar jikoki. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da Malam da yara da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu ma alhamdu lillahi, jiki dai lafiya lau.

Za ki yi mamakin ganin ajami bayan shekarun nan. Dalili shi ne maigidan yana jin Hausa in ina waya, kuma koyaushe muna tare, amma ajami bai iya karantawa ba. Zan ɗauki hoton takardar in turo miki, sannan in yaga ta.

Yau kwananmu uku a kan keke. Tun da ya ajiye aiki yake cewa sai ya bi gaɓar tekun nan gari-gari, ya ci duk abin da ya ci yana yaro. Kwana goma sha biyu ya tsara. Da kin gan ni da shekara hamsin da biyu, hular kwano a kan mayafi, ina haki a kan tudu, da kin yi dariya har da hawaye.

Jiya mun tsaya wurin wata mai toya wainar baƙar alkama. Na tambaye ta, kamar yadda na saba, ko da kitsen alade take shafa kaskon. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Baiwar Allah, shekarata talatin da man shanu nake shafawa. In kin ga alade a ɗakin nan, to baƙo ne daga Paris." Maigidan ya ci biyu masu ƙwai da albasa, ya suɗe faranti. Mun fito muna kwance kekuna sai ya ce, "Barira, wai yau ba za mu ci abinci ba ne?" Ga maiƙo a gashin bakinsa. Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Da na dubi idonsa sai na gane da gaske yake. Muka koma ciki, matar tana murna wai ga wanda ya san daɗi.

Yaya, ba yau abin ya fara ba. Wata huɗu ke nan. Yakan tsaya a tsakiyar salla bai san raka'a nawa ya yi ba. Ran nan ya shirya tsaf zai tafi Juma'a ranar Laraba. Shi ma ya lura. Kafin mu taso ya kama hannuna ya sa na rantse da Allah ba zan gaya wa 'yarmu Nafisa ba, ko likita, ko danginsa, sai mun gama tafiyar nan. Ya ce suna ji za su ƙwace keken su zaunar da shi gaban taga. Na rantse. Ke bai ambace ki ba, amma na san dabara ce nake yi, kuma ina neman gafarar Ubangiji.

Ki sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Barira


Roscoff, ranar Alhamis

Yaya Lantana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga amsarki, na gode, Allah Ya bar zumunci. Kin ce in lallaɓa shi mu koma gida. Na gwada. Bai yi faɗa ba, kin san ba halinsa ba ne, sai dai ya yini bai ce mini uffan ba.

Mun sauka gidan yayarsa Katell. Ta dafa mana abincin nan nasu na kabeji da nama da ƙullun baƙar alkama da ake ɗaurewa a ɗan buhu a jefa cikin romo. Asali da alade ake yi, ita kuwa saboda ni ta sayi tukunya daban tun shekarar da aka kawo ni, ta kuma aika har Brest aka sayo naman yanka. Kullum sai ta yi mita. "Amaryarmu, kin lalata mini girkin uwata, ga shi kin fi kowa ci." Shekara ashirin da bakwai, har yanzu amarya nake a bakinta.

Ya ci sosai, ya zuba mai da soyayyar albasa, yana ba da labarin yarintarsu tiryan-tiryan, har sunan karen maƙwabta. Na ce a raina ko dai ni ce nake ƙara wa abin gishiri. Amma da safen nan, a hanyar gonakin albasa, ya wuce ni ya sha kwana. Da na iso mararraba na same shi tsaye a tsakiyar titi, keke tsakanin ƙafafunsa, wata babbar motar kaya tana ta danna masa oda. Bai ko waiga ba. Ni na ja shi gefe. Hannunsa sanyi ƙalau.

Gobe za mu tsallaka tsibirin da aka haifi mahaifiyarsu, ta hanyar nan da teku ke rufewa yana buɗewa. Na ce bari in duba lokacin ruwa. Ya ce ɗan masunci ba ya duba takarda, in wata ya cika ruwa na kai ƙarshen janyewa da azahar, haka ubansa ya koya masa, kuma gobe watan zai cika. Katell ta goya masa baya. "Ke dai bi Goulven. Allon lokacin ruwa da ke bakin hanya na 'yan Paris ne. Ranar da aka ga ɗan gidanmu tsaye yana karanta shi, sai mu bar garin don kunya."

Na ce a hankali, ai watan bai cika ba, a lissafina gobe sha ɗaya, don ina ƙirga kwanakin azumin tsakiyar wata. Ya dube ni a gaban yayarsa, kallon mai roƙo. Sai na bar maganar.

Yaya, ban iya ruwa ba.

Taki,
Barira


Roscoff, ranar Asabar

Yaya Lantana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Muna raye, shi zan fara faɗa miki.

Mun isa bakin hanyar wajen ƙarfe sha ɗaya, ta bushe sarai. Ga allon nan a dama, fari, taku biyar tsakanina da shi. Na rage gudu. Ya waigo yana kallona. Wasu dattawa biyu na zaune a kan dakali suna kallonmu su ma, ɗaya har ya ɗaga masa hannu. Na sunkuyar da kai na taka feda na wuce. Wannan laifin nawa ne, ba nasa ba.

Shi a lissafinsa yanzu hanyar ta buɗe, muna da awa huɗu. Ashe ruwan ya riga ya gama janyewa, juyowa yake shirin yi. Ƙa'idar ubansa daidai take, ranar ce ya ɓata. Ni na san kwanan wata, ban san haka yake jan lokacin ruwa ba. Shi ya san ruwa, kwanan watan ya kuɓuce masa.

A tsibirin ya yi farin ciki irin wanda na daɗe ban gani ba. Ya nuna mini gidan kakarsa. Wata tsohuwa ta sayar mana da farfesun kifi da dankali, muka ci da burodi da man shanu mai gishiri a kan dutse, yana tsotsar ƙaya yana waƙa. Na yi sallata a bayan wata katanga. Ina sallamewa na hangi yashin da muka bari fari ya soma ƙyalli. Na ce mu tafi. Ya ce saura lokaci. Na ce don Allah. Sai da na faɗa sau uku.

Da muka hau hanyar ruwa na lasar gefenta. Kin san ba igiya yake zuwa da ita ba, shiru yake tahowa, ta dama da ta hagu, kamar an ɓare randa a tsakar gida. Kafin mu kai rabi ya rufe kwalta. Ina jin taya na tsaga shi. Daga nan ya kai feda, keken ya soma ja gefe. Ina ta karanta duk abin da ya zo bakina, Ayatul Kursiyyu ma sai na kama tsakiya in koma farko.

Sai ya tsaya. Ya sauka, ya dubi gaba, ya dubi baya. Ya yi mini magana da yarensu na gida, wanda bai taɓa yi da ni ba, ya kira ni da sunan da suke kiran uwarsu. Tambaya yake wane ɓangare ne gida. Sannan ya juya keken zai koma tsibirin, inda ruwan ya fi zurfi.

Yaya, tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa ɗaga masa murya ba, ban kuma taɓa kiran sunansa ba. Jiya na yi duka biyun. Na saki kekena ruwa ya tafi da shi, na fizge nasa na ture, na damƙi wuyan rigarsa ina ihu, "Goulven, biyo ni!" Ya biyo ni kamar ɗan akuya. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya, zanen da na ɗaura kan wando yana naɗe mini ƙafa, ban san inda kwalta ta ƙare ba sai dai in laluba da tafin ƙafa. Sanyin kuwa har cikin haƙori.

Wani mai kiwon kawa, katantanwar tekun nan da suke ci, shi ne ya hango mu ya shigo da tarakta. Tun daga nesa yake zagi. "Kai 'yan Paris, makafi ne ku? Ga allo kamar ƙofar coci!" Da ya jawo mu sama ya ƙare wa maigidan kallo sai ya ce, "A'a! Ba ƙanen Katell ba ne? Kai da ubanka ya koya wa rabin garin nan ruwa?" Maigidan kuwa haƙoransa sai kaɗawa suke don sanyi. Sai na ji bakina yana cewa ni ce na tsaya salla na ɓata mana lokaci. Na yi ƙarya, Yaya, kuma da salla na yi ta. Mutumin ya ce to Allahn naki Ya ji ki yau, kada ki ƙara gwada Shi. Katell ma haka na gaya mata, tana goge ni da tawul tana faɗa.

Yau da safe ya tashi garau. Ya sha shayinsa, ya leƙa waje ya tambaye ni ina kekunanmu. Na ce teku ya ci. Ya yi dariya ya ce in bar wasa, mu nemi na haya, saura kwana huɗu, akwai wata hanyar ruwan a gaba da yake so in gani, kuma ana gasa kifi a can irin wanda babu kamarsa.

Na zauna kusa da shi na ce ina roƙon ya yafe mini rantsuwar da ya sa ni. Ya riƙe hannuna, da fara'arsa, ya ce, "Wace rantsuwa, Barira?"

Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka.

Ba hukuncin nake tambaya ba. Na san abin da malaminmu ya karantar da mu a zaure muna yara, wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya aikata alherin ya yi kaffara. Zan ciyar da mutum goma, wannan mai sauƙi ne. Abin da ke ci na shi ne, mutumin da ya kama hannuna ran nan yana cikin hankalinsa, ya san abin da yake roƙo, kuma ni kaɗai ya amince wa. Yanzu ba ya nan balle in nemi izininsa. In na faɗa, keken da yake tsoron a ƙwace ni na ƙwace. In na yi shiru, jibi muna bakin wani ruwan.

Nafisa takan kira duk Lahadi bayan azahar. Gobe ke nan. Zan gaya mata, in sha Allahu, na riga na yanke. Amma na san kaina, in na ji muryarta yana zaune a gefena yana murmushi, zan iya cewa lafiya lau muke.

Don Allah Yaya ki amsa mini yau, ko layi biyu ne, in riƙe a hannu lokacin da wayar za ta yi ƙara.

Ƙanwarki,
Barira