Tsohuwar da Ba Ta Tafa Ba

Talata, 21 ga Mayu

Jiya aka nuna kashi na takwas na *Masu Bakin Teku*, fim ɗin 'yan daban Napoli da ake yi a talabijin, yau ɗakin malamai ya koma gidan makoki. An kashe ɗan uban daba, wani yaro mai gashi kamar an tsoma shi a man zaitun, shi ne Ornella mai koyar da lissafi take cewa ta kasa cin abinci. Mace mai digiri biyu. Ta tambaye ni wai da gaske ne a wajenmu ana yi wa gawa tafi. Na ce sosai, mu 'yan Napoli ko kofi ba ma sha sai mun harbe wani. Ta yi rabin dariya, ba ta tabbatar ko wasa nake ba. Shekara goma sha tara ina Torino, a arewacin Italiya, har yanzu ni ce ofishin tambaya kan kisan kai.

Ban kalla ba. Ba na kallonsa. A cikinsa na girma, kiɗan ne kawai babu.

Laraba, 22 ga Mayu

Yayana Tano ya turo mini wani guntun bidiyo, ya rubuta a ƙasa: Farfesa, ga uwarki.

Ashe bara da kaka a ƙofar cocin unguwarmu masu fim suka ɗauki jana'izar, suka kwashi mutanen unguwa don cika fili. Mama ta raka maƙwabciyarta Donna Titina, wadda ba ta barin burodin kyauta ya wuce ta. Ba wanda ya gaya mini. An fito da farin akwati, mutum kusan ɗari biyu suna tafi, kyamara tana bin fuskoki, sai ta tsaya daƙiƙa uku a kan wata tsohuwa mai kwat ruwan ƙasa da ta naɗe hannuwa a ƙirji. Ni na saya mata kwat ɗin.

Na shiga inda masu kallo ke zuba hikimarsu. Wani ya ce ita ce ainihin uwar yaron. Wata ta ce ita ta sa aka kashe shi, a duba idonta. Wani ya rantse ya gan ta a kashi na biyu cikin motar 'yan sanda. Akwai wani ɗan Milano da ya yi sakin layi shida yana bayanin cewa tsohuwar ita ce lamirin Kudu, wato yankinmu. Lamirin Kudu yana fama da hawan jini, kuma bai san yadda ake kashe ƙarar waya ba.

Har suna sun sa mata: tsohuwar da ba ta tafa ba.

Alhamis, 23 ga Mayu

Na san hannuwan nan. Na ga sun tafa.

Ina da shekara goma sha biyar. Matakalar cocin nan dai, akwatin Don Aniello, wanda yaransa suka ƙona wa Baba shagon takalma don ya ce ba zai biya su ba. Baba bai sake zama mutum ba, ciwon zuciya ya ɗauke shi kafin shekara biyu. Wata bakwai bayan mun binne shi Don Aniello ya mutu a gadonsa, unguwa ta fito, Mama ta ja mu muka je da baƙaƙen kayan takabarta. Ta tafa. Ba irin tafin sauke nauyi ba, ta fi kowa ƙara, har tafin hannunta ya yi ja. Ban taɓa yi mata maganar ba. Na yi karatu, na ci jarrabawa, na hau jirgin ƙasa, ina zuwa Kirsimeti da kwana huɗu a Agusta.

Yanzu da gawar ta roba ce, ta samo jarunta.

Juma'a, 24 ga Mayu

Ornella ta gano uwata ce, tana son hoto da sa hannu. Na ce sai Mama ta fito daga kurkuku.

Asabar, 25 ga Mayu

Tano ya kira daga bayan shagon kofinsa, yana magana ƙasa-ƙasa. A unguwa ba mai hasashe. Kowa ya san matakalar, kowa ya san matar wa ce. Mai kifi ya bar ta tsaye har ya sallami mutum biyar da suka zo bayanta. Donna Titina ta daina leƙowa ta baranda. Kuma Mimmo, ɗan ƙanen Don Aniello, shi ne ya tara wa masu fim mutane, ya ɗauki abin a matsayin saƙo gare shi. Jiya ya shigo shagon, ya sha kofinsa a tsaye, ya ajiye kofin a hankali, ya ce: “Ka gaida Donna Nunziata. Yaya hannun nata? Na ji an ce ciwon gaɓoɓi.”

Mama ba ta da ciwon gaɓoɓi. Mimmo ma ya sani. Ƙofa ya buɗe mana, in ji Tano: ta yi ɗan bidiyo ta ce hannu ne ya hana ta, a sa a zauren unguwa na waya, shi ke nan. Ni ce mai boko, ni zan tsara kalmomin. Na ce masa abin kunya ne. Ya ce, ke kina Torino, Farfesa, ni gilashin shagona yana kallon titi, 'ya'yana uku. Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Lahadi, 26 ga Mayu

Na rubuta. Jimla huɗu, masu tsabta, har da godiya ga waɗanda suka kawo wa unguwa aiki. Minti goma ya ɗauke ni. Na tura wa Tano. Mama za ta karanta, ai ta taɓa yin abin da ya fi wannan.

Masu kallo kuwa sun buɗe ƙuri'a: uwa ce, maƙiya ce, ko fatalwa. Fatalwa ce ke gaba.

Talata, 28 ga Mayu

Mama ba ta fito a kashi na tara ba, jama'a sun fusata, suna zagin marubuta sun yaudare su. Wani ya ce zai daina kallo. Ƙasa ta yi babban rashi.

Da rana ta kira ni, ita da kanta, abin da ba ta yi sai an mutu. Ina jin tukunya tana tafasa a bayanta. Ta ce ta ga takardata, na iya rubutu, karatun bai tafi a banza ba. Amma ba za ta karanta ba, hannunta lafiya lau, ranar Lahadi ma ta murza taliyar mutum tara. Na tambaye ta to me ya hana ta tafawa. Ta ce mai fim ya yi ihu a lasifika wai ku tafa kamar ɗanku ne, ta ɗaga hannu, hannu ya ƙi.

Na ce: “Wancan karon bai ƙi ba.”

Shekara ashirin da biyar ina gyara jimlar nan a kaina, da ta fito sai ta fito ƙarama. Ta rage wutar tukunyar, na ji ƙarar maɓallin.

“Wancan karon Mimmo yana saman matakala yana ƙirga fuskoki, yayanki shekararsa sha bakwai. Ke kuma kina gefena kin naɗe hannu kamar alƙali. Kin ɗauka ban gan ki ba, Fortuna? Tafin mutum biyu na yi, don idonsa ya tsaya a kaina.”

Ta ci gaba:

“Tsayuwar nan a wajenki na gani. Na daɗe ina son in gwada.”

Sai ta tambaye ni ko ina cin abinci, ta ce a hoto na rame kamar kifin gwangwani, ta kashe.

Laraba, 29 ga Mayu

Ban tuna na naɗe hannu ba. Hannunta kawai na tuna.

Juma'a, 31 ga Mayu

Tano ba ya ɗaukar wayata. Matarsa Rosaria ta ce Mimmo bai dawo shagon ba, ba wanda ya san ko alheri ne. Mama ta koma wajen mai kifin, ta tsaya har ya gaji ya sallame ta, ta kuma sa ya canza mata kifi biyu. Na rubuta wa Tano ya goge jimlolina, na ƙara da wata kalmar ban haƙuri da ban saba rubuta masa ba. Bai amsa ba tukuna.

Ana rufe makaranta mako mai zuwa. Na sayi tikitin Napoli, na zuwa kawai, na dawowa sun yi tsada a wannan lokacin. Asabar da safe shagon yana cika, kuma na iya wanke kofuna, in har gilashin yana kallon titi to ya kalle mu mu biyu.

Na sake kallon daƙiƙa ukun, sau goma sha ɗaya, don in duba kwat ɗin. Maɓalli ɗaya ya kusa cirewa. Gwiwar hannun hagu a sama, haɓa a ɗage kaɗan, ni ma haka nake tsayawa a gaban aji idan suna surutu. Masu kallon nan dubu-dubu ba wanda ya lura da maɓallin, wawaye.

A karo na ƙarshe na ji ƙarar tafi a kicin ɗina, sau biyu ko uku, tafin hannuna ya ɗan yi zafi. Sauro ya fara shigowa da wuri bana.