Na Riƙe Kaset Ɗin da Uwarta Ta Aiko

Assalamu alaikum. A ɓoye sunana. Ban yi karatu ba, wata ce ke rubuta mini. Ku ji ni tukuna kafin ku zage ni.

Shekarata tara ina rainon 'ya'yan Larabawa a Aƙiƙ, nan Madina. Nawa biyu suna gida, ban san kamanninsu na yanzu ba. Ba wanda ya taɓa aiko mini da saƙo. Tun shekara ta biyu na daina kuka.

Bara waccan aka kawo wata 'yar garinmu raino gidan maƙwabta. Bari in kira ta Talatu. Kullum kuka, kullum Inna. Haushi take ba ni. Da Hajjin bara wani alhaji ya same ni a bakin Harami, ya ba ni kaset in kai mata, ya ce saƙon uwarta ne. Na ce bari in ji kaɗan. Ina kunnawa sai ga muryar tsohuwa, a bayanta ana daka, akuya na kuka, wata na ƙwala wa mai nono kira. Garinmu ne sukutum. Na ji har ƙarshe, na mayar baya, na sake. Wa zai iya miƙa irin wannan? Na jefa shi akwatina.

A ciki tsohuwar ta ce jikinta ya ƙi, Talatu ta biyo alhazai ta dawo. Da kunnena na ji. Da Talatu ta tambaye ni ko an aiko mata da wani abu, na ce, "Wa ya damu da ke? An manta da ke kamar yadda aka manta da ni. Fyace hancinki ki koma aiki." Wallahi har daɗi na ji.

Da azumi tsohuwar ta rasu. Talatu ba ta zubar da hawaye ba. Ta ce uwar da ba ta neme ta ba, ita ma ba ruwanta da ita. Ko addu'a ta ƙi yi mata. Ta koma irina.

Jiya ta ce, "Yaya, ara mini rakodarki." Saƙo za ta ɗauka wa 'yan'uwanta a kaset, ta ce musu su ɗauka ta mutu. Ranar Juma'a alhazai za su tashi, su za ta ba wa su kai gida.

In na fito da kaset ɗin, za ta san ni na hana ta ganawa da uwarta. In na yi shiru, ta yanke danginta a kan ƙaryata. Kuma ba zan ɓoye muku ba, har yau ba na son rabuwa da shi.

Me zan yi kafin Juma'a?