Sylvain, Ɗan Kurmi

Fécamp, watan Yuni, 1911

Zuwa ga maigidana Onésime,

Gaisuwa mai yawa tare da kewa. Ina fata kana lafiya, kai da abokan kamun kifinka, sanyin can kuma bai cinye maka yatsu ba. Mu nan sai godiya.

Na sauka lafiya, namiji ne. Hancinka ya kwaso, Allah sarki.

To, zauna ka ji. Ka san al'adar gidanku, ɗan fari sunan kakansa yake ci. Innarka ta fara kiransa Anthime tun kafin a yanke cibiya. Ni kuwa na ƙi. Anthime babanka teku ya ɗauke shi, Anthime yayanka ma haka. Teku ya riga ya haddace sunan nan, ba zan miƙa masa na uku ba.

Da cikin ya tsufa nakan yi mafarkin kurmin ƙauyenmu. Ganye na zubo mini a kafaɗa, ko motsin ruwa babu, wani yaro a gabana yana tsintar ƙirare. Na ba Fada labari a coci. Ya ce akwai suna daga tsohon harshen Rumawa, Sylvain, wato ɗan kurmi, wai haka suke kiran abin bautarsu mai tsaron itatuwa. Na ce shi ke nan, da shi za a yi baftisma.

Inna ta daina yi mini magana, ni ko a jikina. Ina shayar da shi ina ganinsa ya girma, gatari a kafaɗa, yana dawowa gida kowace yamma da ƙamshin ɗanyen itace, takalmansa a bushe. Ina tsoron fushinka, ba na ɓoyewa, amma na fi tsoron tsayuwar jira a bakin gaɓa.

Jiya Inna ta shigo da miya, ta karɓi yaron, ta tsaya da shi a tagar da ake hango masu sassaƙa jiragen ruwa. Ta kira sunan a hankali, ta ce yana da daɗin faɗa. Har na fara murna. Sai ta ce, ba da faɗa ba, “’Yata, jirgin da mijinki yake ciki, daga ina kike zaton aka saro shi?”

Da ta fita na janye gadonsa daga jikin tagar.

Ka dawo lafiya ka ce mini na yi daidai, ko da ƙarya ce.

Taka har kullum,
Léontine