Kada Ka Taɓa Wuyan Maharbin

Rano, Asabar

Zuwa ga ƙanina Malam Abdulganiyyu, a Kahu.

"Yaya, ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba. Ranar sadakar arba'in da kaina zan dawo miki da ita." Maganarka ce wannan. A tsakar gidan nan ka faɗe ta, adakata tana kan kafaɗarka, kwana uku da rufe mijina Ja'afaru. Na sa ta gaba da gaisuwa don kada ka manta da ita kafin ka kai ƙarshen takarda.

To, assalamu alaikum. Yaya Afra'u da yara, yaya karatu, yaya damina? Ina fatan gwiwar nan taka ta yi sauƙi. Mu nan muna ta haƙuri.

An yi arba'in, ka zo, ka yi addu'a doguwa har mata suka yi kuka, ka koma ba ka ce mini uffan a kan adaka ba. Yau kwana sittin da biyu. Rufin da ke yoyo an gyara shi, 'yan zaman makoki sun watse da 'ya'yansu masu yage-yage, dalilin ɗauke ta ya ƙare. In na kira ka a waya sai ka ce kana gaban ɗalibai. Shi ya sa na koma takarda, na ba Lubabatu mai nono, tunda ita ko ana ruwa tana zuwa Rano.

Ka san ina takaba, ƙafata a ɗaure take. Ka kuma san abin da ke cikin adakar nan. Littattafan tatsuniya hamsin da uku, masu zane, wasu sun girmi Baba. Shekara ashirin da shida ina tara su. Akwai na Hausa bugun zamanin Turawa, akwai na Larabci da wani alhaji ya taho da su ta Sudan, akwai na Turanci masu zanen da aka shafa wa launi da hannu. Ɗaya a wurin mai ƙosai na ceto shi a Kibiya, ta riga ta ƙulle wa mutane shafi bakwai. Ɗaya a kasuwar Kurmi, a ƙarƙashin tulin tsofaffin jaridu. Allah bai ba mu haihuwa ba, dangi suka riƙa kiran su 'ya'yan Sadiya, kai ma ka yi dariyar. Na karɓi sunan. A dawo mini da 'ya'yana.

Yini yana mini tsawo, Abdulganiyyu. Na yi lazimi, na yi tilawa, rana ba ta ko kai tsaka ba. Makullin yana ɗaure a hannun adakar, don ban taɓa tunanin ɓoye maka shi ba. Ka sa ta a motar kasuwa kawai.

Ka gaishe da kowa.

Yayarka,
Halima Sadiya

Rano, Litinin

Malam Abdulganiyyu,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya, kai da iyali. Ni ba ni da ita.

Lubabatu ta kawo ƙullin da ka ba ta. Littafi shida, da 'yar takardarka. Da na kwance na yi hamdala, har na ce ta zauna ta sha kunu. Sai na buɗe na farko. 'Yar sarki tana tsaye bakin rijiya, an ja mata baƙin layi a wuya daga kunne zuwa kunne. Na juya shafi, dila ma an yanka shi. Kura, zomo, tsohuwa mai itace, doki da mahayinsa. Har tsuntsayen da ke can nesa a sama, waɗanda ba su fi ƙwayar gero ba, ka bi su ɗaya ɗaya da alƙalamin kara. Wallahi na yaba haƙurinka. Mahautan Rano kaf ba su yanka abin da ka yanka cikin mako guda ba.

Ka rubuta cewa don alherina kake yi. Wai mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da surar mai rai, ni kuma yanzu na fi kowa buƙatarsu, in an raba kai da gangar jiki kuma hoto ya tashi daga hoto. Wai sauran ma sai ka gama gyara su za ka aiko. Na yarda da zuciya ɗaya kake yi, kuma abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ɓarawo yana gajiya, mai neman lada ba ya gajiya.

Amma da wa kake magana? Shekara talatin ina koyarwa, kuma a gaban Baba ɗaya muka yi karatu, ni a gaba kai a baya kana gyangyaɗi. Na san hadisin, na san abin da malamai suka ce a kan zanen da ba shi da inuwa, da wanda ke rufe ba a rataye ba. Sun yi saɓani. Ka riƙe ra'ayin da ka ga ya fi, a kan kayanka. Katin zaɓen da ke aljihunka, ka yanka wuyan mutumin da ke jiki? A kan hoto malamai sun saɓa. A kan amana ban taɓa jin biyu sun saɓa ba.

Bari in gaya maka wautar da na yi, ka san inda ka kai ni. Na ga tawadar allo ce, na ce ai wannan ruwa ke wanke ta. Na jiƙa auduga na ɗan goga wuyan 'yar sarki. Takarda mai shekara tamanin ba allo ba ce. Tawadar ta bazu, launin ya narke, fuskar ta biyo audugar. Kai ka yanka ta, ni na shafe ta. Na zauna da audugar a hannu har aka kira la'asar.

Na aika wa Kawu Sharu a Rurum ya yi maka magana. Ya aiko cewa mai takaba da littafin tatsuniya, ai abin kunya ne ma a ji, in bar wa Allah. Na bar wa Allah abubuwa da yawa a shekarar nan, wannan kuwa a hannunka yake.

Ka tsaya haka. Waɗanda ka yanka na yafe, Allah ya sani ba da sauƙi ba. Ka rufe adakar, ka aiko ta yadda take.

Yayarka da ta goya ka,
Halima Sadiya

Rano, Lahadi

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya gwiwa? Ka ga har yanzu ina tambaya.

Kwana goma sha uku ba amsa. Kada ka yi wa Afra'u faɗa, ni na matsa mata a waya har ta faɗa. Ta ce kullum bayan asuba, kafin ɗalibai su taru, kana shiga zaure ka rufe ƙofa, ka yi littafi biyu. Ta ce daga sama kake ɗauka, kana yin ƙasa. Ta leƙa yau bayan ka fito, saura tara. Na ce kada ta taɓa komai, ba zan sa mace tsakanina da mijinta ba.

Ni na shirya adakar nan, na san abin da ke ƙasa. Litinin biyu, Talata biyu, Laraba biyu. Saura uku, Alhamis kuma ba karatu, hannunka a sake yake. Ranar Alhamis za ka kwance wani farin ƙyalle, ka tarar da ɗan littafi mai koren bango wanda gara ta ci gefensa.

Ban taɓa ba ka labarinsa ba, don ba irin abin da ake gaya wa ƙani ba ne. Yanzu dole. A cikin lefena ya zo, a ƙarƙashin atamfa. 'Yan karɓar lefe suka ɗaga shi suna shewa, wai ango ya manta da littafinsa. Bai manta ba. Ja'afaru direba ne, bai yi boko ba, amma ya ji ana cewa amaryarsa mayyar karatu ce, ya shiga Kurmi ya zaɓo wanda zanensa ya fi yi masa kyau. Daga shi duk sauran suka samo asali. Duk inda mota ta kai shi, sai ya tambayi masu tsofaffin takardu, ya dawo da littafi a aljihun gaba, wani lokaci na lissafi ne ma, in yi dariya in ce ya mayar.

A shafi na sha tara akwai wani maharbi zaune gindin tsamiya, ya ajiye baka, yana cire wa barewa ƙaya a ƙafa. Ya ɗan karkatar da kai gefen hagu. Ka tuna yadda Ja'afaru ke karkata kai in yana sauraro? Shi ne. Har wushiryar. Tun muna amare yake cewa mai zanen nan ya san shi kafin a haife shi. Da ciwo ya kwantar da shi, ba ya iya cin komai, sai ya ce in buɗe masa hotonsa, in karanta, ya gyara mini labarin wai ba haka aka yi ba, ai shi yana wurin.

Ka san bai yarda da ɗaukar hoto ba, a wannan kai da shi bakinku ɗaya. Wanda ke jikin lasinsa ya koɗe, ya zama inuwa. Jiya na rufe ido in ga fuskarsa, sai da na yi ta lalube. Kwana tamanin da huɗu kacal, Abdulganiyyu. Ina jin tsoro. Maharbin nan shi kaɗai ya rage mini da zan duba in ce haka yake. Na ga an naɗe shi a likkafani sau ɗaya. Ba zan iya buɗe littafi in ga an ja masa layi a maƙogwaro ba, kuma da hannun ɗan uwata.

Na roƙe ka don Allah, don nonon da muka sha. In hamsin da biyun ne ladanka, riƙe. Bar mini ɗaya.

In kuma roƙo bai isa ba, ga abin da ke nan. Ina ba ka zuwa magaribar Talata. Ko adakar, ko ƙaramin littafin nan shi kaɗai a cikin ƙyallensa, ba ɗigon tawada. In rana ta faɗi bai shigo gidan nan ba, Laraba da hantsi zan fita. Saura kwana arba'in da shida in gama takaba, ban taɓa leƙa ko ƙofar gida ba, amma ka fi ni sanin hukunci: mai takaba tana fita da rana in dukiyarta za ta salwanta, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Na yi magana da maƙwabcinmu Mukhtar mai a-daidaita, zai kai ni Kahu. Ba zan shiga gidanka ba. Zan shimfiɗa tabarma a ƙofar makarantarka, da kayan takaba a jikina, a gaban ɗalibanka da iyayensu da masu wucewa gona. Ba zan ɗaga murya ba. Duk wanda ya tambayi abin da ya fito da matar mamaci daga ɗaki, zan ce amana na ba Malam, na zo karɓa. Kafin magariba in koma Rano, Alhamis da sassafe in dawo, ka same ni zaune a bakin zauren kafin ka jiƙa alƙalami.

Ka gaishe da Afra'u. Ka ce mata kada ta yi girki da ni.

Na riga na wanke mayafin, yana kan igiya.

Yayarka,
Halima Sadiya