Jarkar Jiƙon Malam Sani

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya sanyin Jos? Ya maigidan da su Ummi? Da fatan kowa lafiya. Mu nan Gyadi-Gyadi alhamdu lillahi, sai gajiya.

Jikin Baba da sauƙi. Tun da likita ya ce hantarsa ta kumbura nake masa girki daban: ba soye-soye, ba lemon kwalba, sai kwaɗon zogale, wake da gasasshen kifi. Bayan la'asar in raka shi mu ɗan taka wajen Tarauni mu dawo. Littafin soyayyar da kika bar min kuwa, sati biyu ina shafi ɗaya.

'Yan dubiya ne suka fi gajiyar da ni. Kowa da jarkar jiƙonsa, alhali likita ya ce maganin da ba a san haɗinsa ba yana iya ƙarasa hantar. Jiya amininsa Malam Sani ya kawo nasa, Baba ya kasa ce masa a'a. Malam Sani na fita na tarar har Baba ya tsiyaya a kofi. Kin san ni da kunya, amma na durƙusa na ce, "Baba, likita fa ya hana."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo min kofin. "Zubar, uwata. Amma ki wanke jarkar ki mayar masa, ki ce na gode."

Ran Litinin za a sake gwajin jininsa. Don Allah ku sa shi a addu'a, ni ma ki roƙa min ƙarfin hali, don wasu jarkokin na hanya. Inna na gaishe ku. Ki shafa min kan Ummi.

Ƙanwarki,
Maryam