Jar Mota Mai Ƙofa Biyu

Kurai Taji, Pariaman
3 ga Maris, 2003

Zuwa ga 'yata Rosnidar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikinki na asibiti. Mu nan kalau, sai ƙafar Ummanki da ta matsa mata, sai kuma ni da raina yake a ɓace.

Innarki Jusna ta dawo daga Padang ran Asabar da labarin da har yanzu ban iya haɗiye shi ba. Ta ce ta je gidanku da buhun kwakwa biyu da jikokinta uku don mijinki ya maido su gida kamar yadda aka saba, sai ta tarar babu farar mota. A gurbinta ga wata jar aba, gajera kamar an taka ta, ƙofa biyu, wadda in an tashe ta kajin unguwa ke watsewa. Da ta tambaya, mijinki ya sunkuyar da kai ya ce wai musanya aka yi. Musanya! Motar da ba ta cika shekara biyu ba, kujera takwas, a ba da ita a karɓo wadda aka ƙera kina aji uku a firamare? Jusna a motar haya ta dawo da kwakwa a cinya, kuma kafin la'asar babu wanda bai ji ba a kasuwa.

In kun manta, ni ban manta ba. Da wannan farar motar muka ɗauko Erizal daga gidan uwarsa. Iyayensa suka ce ɗansu malamin sakandare ne, ba za a ɗauke shi da babur ba, muka ce mun ji. Dangi suka taru, ana kiran sunan kowa yana ajiye abin da ya samu. Jusna ta cire awarwaronta, ni na ba da kwakwar gonar dangi ta shekara biyu. Abin da aka ɗauko ango da shi mutuncin gidan amarya ne, ba kayan wasan tsere ba.

Ki gaya masa daga gare ni: farar mota ta dawo kafin ƙarshen wata, in ba haka ba kada ya tako matakalar gidan Ummanki. Ni ne babba a kan gidan 'yar'uwata, kuma na faɗa.

Wassalam,
Kawunki, Bustami


Padang
9 ga Maris, 2003

Zuwa ga mai girma surukina, Kawu Bustami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifi, ina gaishe da Umma da jiki, Allah Ya ba ta sauƙi.

Wasiƙarka ta zo Rosnidar tana Bukittinggi wajen wani horo na mako biyu. Na gane rubutunka na buɗe, a gafarce ni a kan haka. Duk abin da aka faɗa maka gaskiya ne. Ni na yi musanyar, laifin nawa ne ni kaɗai, ina roƙon kada a sa ta a ciki.

Batun maido da farar mota kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba, ba za ta dawo ba. Dillalin ya riga ya sayar wa wani mai gidan abinci daga Pekanbaru. Ko da bai sayar ba, ba zan nema ba. Ka yi mini uzuri, ba zan iya faɗin dalili ba.

Tunda an hana ni matakalar gidan Umma, bai kamata in ci gaba da kwana da 'yar gidan ba kamar ban ji ba. Yau zan ɗauki kayan sawata in koma gidan mahaifiyata a Sungai Limau, daga can zan riƙa zuwa makaranta a motar haya. Makullin jar motar na bar shi a kan tebur.

Allah Ya ƙara girma, Ya huci zuciyarka.

Ɗanka mai biyayya,
Erizal


Padang
18 ga Maris, 2003

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Umma. Gaisuwar ke nan, don yau ba ni da doguwa.

Na dawo daga Bukittinggi na tarar da gida shiru, makulli a tebur, wasiƙarka a ƙarƙashinsa, mijina ya yi yaji. Na zauna a ƙasa da jakata a hannu na yi kuka har na gode Allah, sannan na wanke fuska na ɗauko biro.

Ƙarya ya yi maka, Kawu, kuma ita ce ƙaryar farko da na san ya taɓa yi. Ni na yi musanyar. Ni na gano jar motar a garejin wani dillali a hanyar Indarung, wata uku ina zuwa ina leƙenta. Ni na sa aka ɗaga ta na shiga ƙarƙashi da tocila, na ce a sake kuloci da birki kafin mu yi magana. Ni na gwada ta a hawan Sitinjau, na taka totur a kwanar nan da manyan motoci ke nishi, ta haye kamar ana kiranta a sama. Shi hannu kawai ya sa a takarda, bayan na yi mako guda ina yi masa naci.

Kana so ka ji dalili? To ga shi. Ka ce kun ɗauko shi da mota. Ni kuwa na ce kun ɗauko direba ne kuka ba shi ni a matsayin ladan aiki. Shekara biyu babu wanda ya taɓa cewa "motar Erizal", kowa "motarmu". Biki a Solok, shi. Rasuwa a Pasaman, shi. Inna Jusna ta taɓa sa shi ya ɗauko akuya daga Lubuk Alung, wata biyu muna shaƙar warin. Ranar da ɗalibansa ke jarrabawar ƙarshe an kira shi ofishin shugaban makaranta, wai waya daga gida, gaggawa. Ya zo a guje yana zaton Umma ce, ashe ɗan itacen nan durian ne za a kai wa surukan wani kafin ya lalace. Sau biyu ana ba shi takardar gargaɗi. Kai ka sani miji baƙo ne a gidan matarsa, ba ya cewa a'a. Sai ya yi murmushi ya ce "To, Inna", ya dawo gida ya zauna gyaran takardun yara idonsa na rufewa.

Na taɓa ganin irin wannan murmushin. Babana ya yi shi har ya mutu. Shekara ashirin yana jan bas daga Pariaman zuwa Bukittinggi, ran hutunsa kuma ku ɗora masa naku aiken. Shi ya koya mini tuƙi a filin ƙwallo ina 'yar shekara goma sha huɗu. Wata rana irin wannan jar motar ta wuce mu a Lembah Anai, ya bi ta da kallo har ta ɓace, ya ce, "Nidar, kin ga mai motar can? Ba mai aikensa." Na yi dariya a lokacin. Yanzu ba na dariya.

Kuma kada ka zaci duk don tausayi na yi. Ina son motar nan, Kawu, son gaske. Fitilunta buɗewa suke kamar mai farkawa daga barci, na sa mata suna Barkono. Tsohuwa ce, ta fi farar shan mai, in an yi ruwa tagar hagu na ɗiga, bayanta kuwa ko buhun shinkafa sai an lallaɓa. Wannan bayan shi ya fi burge ni.

Abu ɗaya ya fi yi mini ciwo a wasiƙarka. Tun ranar aurenmu Sidi kake kiransa, da sarautar gidansu, kamar yadda ake girmama suruki. Yanzu ka koma kiran sunansa tsirara.

Ka san ba zai dawo da ƙafarsa ba, ko ni na je ina birgima a ƙofar uwarsa. Namijin da ya yi yaji sai kawun matarsa ya je biko da tiren tagulla ɗauke da ganyen siri na taunawa, alamar girmamawa. Kai ka kore shi, kai za ka ɗauko shi. Ran Lahadi talatin ga wata zan zo ƙofar gidanka da ƙarfe tara.

'Yarka,
Rosnidar


Kurai Taji
22 ga Maris, 2003

Rosnidar,

Wa alaikumus salam. Na karanta, kuma na lura horon Bukittinggi bai haɗa da ladabi ba.

In ke kika yi, abin ya fi muni. Ke 'yar gida ce, kin san abin da Jusna ta cire daga hannunta. Dangi ba su yi laifi ba don sun hau abin da suka saya da guminsu. Ni ma da a-kori-kura dangin matata suka ɗauko ni, shekara talatin da ɗaya ke nan ina yi musu jigilar kwakwa da yashi da kujerun biki, kin taɓa jin na yi ƙorafi? Haka muka tarar, haka ake yi.

Ba zan je biko ba. Ko zan je, ba a cikin wannan gwangwanin ba, mutanen Sungai Limau su yi mini dariya. Kada ki ɓata manki.

Wassalam,
Kawunki


Padang
25 ga Maris, 2003

Ajo Erizal, mijina,

Sallama da gaisuwa. Ka gaishe mini da Mama, ka ce na gode da soyayyen kifin da ta aiko, amma ba kifi na rasa ba.

Kai dai Allah Ya shirye ka! Wa ya aike ka ɗaukar laifin da ba naka ba? Ka ƙi ɗaukar akuyar dangina, sai ka ɗauki zunubina ka tafi da shi Sungai Limau a motar haya? Na ji haushinka ƙwarai, kuma ina kewarka fiye da haushin. Gidan nan ba ya zaunuwa. Jiya na dafa shinkafar mutum biyu ban sani ba.

Kawu ya ce ba zai zo ba. Ran Asabar na je gida wajen Umma, ban ko tsaya gidansa ba. Na zayyana mata komai, har maganar da Baba ya yi a Lembah Anai. Ta saurara tana murza gwiwarta. Can ta ce, "Ni bai taɓa gaya mini ba." Sai ta sa aka sauko mata da tiren tagulla daga saman kabad, ta goge shi da gefen zanenta, ta ce, "Gidan nan nawa ne, bayan raina naki. Bustami gadinsa yake yi. Matakalar da ya hana ba tasa ba ce."

Inna Jusna kuwa na same ta a kicin, na ce awarwaronta na nan a raina, kuma ba zan manta ba. Ta ce ita ba awarwaro ne ya dame ta ba, wa zai kai ta Solok bikin watan gobe? Na ce akwai bas ƙarfe bakwai. Ta jefe ni da ludayi, bai same ni ba.

To ka ji shirina. Ran Lahadi zan faka Barkono a ƙofar gidan Kawu da tire a kujerar gaba. In bai fito ba, ba zan kashe inji ba. Ka san ƙararta, ka kuma san gidan dangin matarsa ne, ga masallaci a gefe. Na cika tanki. In Lahadin nan ba ta yi ba, akwai wata Lahadin, kuma na riga na karɓi hutun duk Lahadin watan gobe.

Kada ka kuskura ka dawo da kanka don ka sauƙaƙa wa kowa. Sauƙaƙawar nan taka ita ta kawo mu nan. Ka zauna a gidan uwarka, ka goge farar rigarka, ka jira a zo a ɗauke ka da mutunci.

Matarka da ba ta da niyyar yin nadama,
Nidar


Kurai Taji
4 ga Afrilu, 2003

'Yata Rosnidar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Sidi, da fatan kun isa lafiya.

Ki sani ba ƙarar injinki ce ta fito da ni ba, duk da liman ya aiko sau biyu. Tiren Ummanki na hango ta taga. Gwiwoyina har yau ba su miƙe ba. Sidi ya yi ta roƙo in zauna gaba a dawowa, amma wanda aka je ɗaukowa ba ya zama a baya, ko da kawu zai naɗe kamar tabarma. Kuma wannan kwanar ta bayan gada, ba sai kin shige ta haka ba. Na ji kina dariya.

Babanki abokina ne kafin ya zama surukina. Ban san ya faɗi wannan maganar ba, amma na san motar da yake nufi, don ni ma na sha ganinta.

Jibi dangin matata na da biki a Tiku, kujera ɗari biyu, sawu huɗu. In kin bi ta wajen dillalin nan naki, kada ki faɗi sunana. Ki dai tambaye shi me zai ce a kan a-kori-kura mai shekara talatin da ɗaya, kuma ko yana da wani abu mai kujera ɗaya.

Wassalam,
Kawunki, Bustami